Idan gobara ta tashi a rumfar biki a Kano, wa zai biya?

Duk wanda ya saba bin Titin Gidan Zoo daga gadar Dangi, nan bakin Gyadi-Gyadi, ya san sau uku a shekara titin ke canja kama. Akwai Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, lokacin da yara ke tururuwa zuwa Gidan Zoo na Audu Bako cikin sababbin ɗinkuna. Sai kuma ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, KACCIMA, ke buɗe kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a filin da ke kan wannan titi. A 2024 aka yi karo na 45.

A irin waɗannan ranaku kasuwa ce ke tsirowa a inda jiya babu ita. Mai zoɓo da kunun aya ta ajiye kularta, mai awara ta ɗora kasko, mai tsire ya kewaye wutarsa da tsinke. Ga mai balan-balan da tabarau na yara, ga mai ɗaukar hoto da ɗan janaretonsa yana ruri a bayan labule.

Da yawansu ba ita ce sana'arsu ta kullum ba. Za ka samu matar aure daga Daurawa da ta kwashi adashi ta zuba a sukari da citta da robobi. Za ka samu ɗalibi daga Tarauni da ya karɓo kaya bashi a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, da alƙawarin zai kawo kuɗi bayan Sallah. Kwana uku ne ko mako biyu, kuma a cikinsu ake son a fitar da uwar kuɗi da riba.

Mafi yawansu sai sun biya wani abu kafin su zauna: kuɗin rumfa, ko tikitin yini, ko kuɗin shara. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me wannan takardar ta saya wa mai ita? Idan tukunyar gas ta yi bindiga ta cinye rumfuna biyar, ko yara ashirin suka kwana a asibiti bayan sun sha lemon kula ɗaya, daga aljihun wa za a biya?

Takardu da masu ba da su

Tushen ikon ba da izinin kasuwanci irin wannan yana cikin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999. A nan aka ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, da sa ido a kan shaguna da kes-kes, da gidajen abinci, da gidajen burodi, da duk wurin da ake sayar wa jama'a abin ci. Har lasisin keke da baro da amalanke yana cikin jerin.

Ke nan mai tebur a Daurawa ko Gyadi-Gyadi, a takarda, Ƙaramar Hukumar Tarauni ce uwar gidansa ta farko.

Dokar haraji ta 1998, wadda ta raba wa matakan gwamnati uku abin da kowa zai karɓa, ta ƙara fayyace lamarin. Ta ba ƙananan hukumomi harajin shaguna da kes-kes da na kasuwannin da jiha ba ta zuba kuɗi a cikinsu ba. Ta kuma ba su wani haraji da ya shafi biki kai tsaye, wato harajin shagali da toshe hanya. Rajistar wurin kasuwanci kuwa ta jiha ce. Dokar ta hana kowa karɓar haraji in ba hukumar da aka ɗora wa ba, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓarsa. Sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, cikin manufofin da aka ambata musu akwai rage wannan yawan karɓe-karɓe.

A ƙasa kuwa, mai sana'ar biki ba da hukuma ɗaya yake hulɗa ba. Idan ya tsallaka kan kwalta, KAROTA ce za ta tashe shi. Idan ya kafa rumfa mai kama da gini, maganar KNUPDA ce. Shara ta REMASAB ce. Abinci ko abin sha da aka ƙulle a leda ko kwalba da suna a jiki yana buƙatar lambar NAFDAC. Wanda ake dafawa nan take a sayar kuwa, aikin jami'an lafiyar muhalli ne, waɗanda har gobe aka fi sani da duba-gari.

A cikin filin baje koli tsarin ya fi fitowa fili. Mai son rumfa zai nemi wuri a wajen masu shirya kasuwar, ya biya gwargwadon faɗin da ya kama, a ba shi shaida. Manyan kamfanoni irin su rukunin Dangote suna zuwa da rumfunansu na alfarma, kuma irin waɗannan kamfanoni suna da lauyoyi da dillalan inshora da ke karanta musu kowane sharaɗi. Al'adar baje koli a ko'ina a duniya ita ce mai shirya taro ya ba da fili da tsaro na gaba ɗaya, abin da ke cikin rumfa kuwa alhakin mai rumfa ne. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya zo da turare ko atamfa ba kasafai yake tsayawa karanta wannan ba. Wanda ke wajen ƙofa kuma, a gefen titi, ba shi da wani sharaɗi da zai karanta.

Lasisi aiki biyu yake yi. Yana kawo wa hukuma kuɗin shiga, sannan yana nuna cewa wani ya zo ya duba, ya san wane ne mai wannan tebur, ya ga inda ya ajiye gas da inda yake ɗebo ruwa. Na farkon yana nan da ransa. Na biyun ne ya yi rauni. Tikitin yini galibi ba ya ɗauke da sunan wanda ya biya, balle abin da yake sayarwa. Dattawa na tuna lokacin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa, mata na rige-rigen share tsakar gida kafin ya iso. Yau mai karɓar kuɗin tikiti ya fi shi saurin isa wurin biki.

Darasin ɗan tsami

Wanda yake ganin wannan magana ce ta 'yan boko, ya tuna 2021. A watan Maris na shekarar aka fara kwasar mutane zuwa asibitocin Kano da amai da jiri da fitsarin jini. Zuwa tsakiyar Afrilu, ana farkon azumi, Kwamishinan Lafiya na lokacin, Dokta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti, wasu 50 na fama da matsalar ƙoda. Bincike ya kai ga garin lemo da kuma wani sinadari mai guba da NAFDAC ta ce an sayar da shi a matsayin ɗan tsami.

Ba a wurin biki abin ya faru ba, a unguwanni ne. Amma hanyar da gubar ta bi ita ce hanyar da lemon Sallah ke bi: daga buhu a kasuwa, zuwa ƙulli a kanti, zuwa bokiti a tsakar gida, zuwa robar da aka wanke aka sake cikawa. Mai haɗa lemon ba ta san abin da ta saya ba. Zoɓon roba ma a tsaka-tsaki yake. Ba shi da lambar NAFDAC tunda ba kamfani ya yi shi ba, kuma ba a gaban mai saye aka haɗa shi ba balle duba-gari ya gani.

A wurin biki kula ɗaya na iya shayar da yara hamsin daga unguwanni goma cikin awa biyu. Gobe mai kular ta koma gida, babu wanda ya san sunanta. Ko an same ta, ko kotu ta ce ta biya kuɗin wankin ƙoda, da me za ta biya, alhali duka jarinta adashi ɗaya ne?

Yadda aka yi a Kurmi

Kano ta taɓa sanin wata hanya. A farkon 1824 Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya sauka a birnin, ya zaga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ya rubuta cewa akwai shugaban kasuwa da ke ba da hayar rumfuna wata-wata, kuɗin kuma na cikin kuɗin shigar mai mulkin gari. Har nan babu bambanci da yau.

Amma ya rubuta wani abu kuma. A cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi ana sa sunan dillalin da aka sayi kayan ta hannunsa. Idan fatake suka kai kayan Borno, suka kwance suka tarar ba shi da kyau, sai a dawo da shi Kano. Dillali ya nemo mai kaya, mai kaya kuma dole ya mayar da kuɗi.

Shekara 200 ke nan. Babu kwamfuta, babu lambar waya, amma kasuwa ta san cewa izinin sayarwa yana tafiya ne da suna, sunan kuma yana tafiya da alhaki. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna cewa Risala ma ta ɗora wa masu sana'ar hannu lamunin kayan mutane da ke hannunsu. Biyan ɓarnar da ka jawo wa wani ba baƙon abu ba ne a wannan gari. Abin da ya canja shi ne girman ɓarnar. Tukunyar gas ɗaya da jarkar fetur ɗaya na iya cinye abin da mai su ba zai tara ba har ya mutu.

Inshora iri biyu ce

Idan aka ce inshora, abin da ke zuwa ran ɗan kasuwa shi ne a biya shi kayansa idan sun ƙone ko an sace. Wannan iri ɗaya ne. Akwai na biyu, wanda ya fi shafar wurin taro: inshorar da ke biyan wani mutum dabam da sana'arka ta cutar. Maƙwabcin rumfa da wutarka ta lashe kayansa, yaron da man suya ya zubo wa, matar da ƙarfen rumfarka ya faɗo wa lokacin da iska ta taso.

Duk mai mota ya san irin wannan, ko bai san sunansa ba. Ita ce takardar da ake nema a hanya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Na adaidaita sahu naira 5,000 ne, yana ɗaukar ɓarnar da ta kai miliyan 2. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ce za su tsananta binciken ta a faɗin ƙasa.

Wato direban adaidaitan da ya sauke mai awara a ƙofar Gidan Zoo doka ta tilasta masa ya tanadi abin biyan wanda ya buge. Ita da za ta kunna wuta a tsakiyar ɗaruruwan yara, ba a ce mata komai ba.

Dokar inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta inshorar gine-ginen jama'a, wato duk ginin da mutane ke shiga don karatu ko magani ko shaƙatawa ko ciniki. Inshorar za ta ɗauki rushewa da gobara da guguwa da ambaliya, ta biya wanda ya ji rauni ko ya rasa dukiya, ko iyalan wanda ya rasu. A ƙarƙashin waccan doka ta 2003, hukuncin ƙin yi a lokacin tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sanar da sa mata hannu a Agustan 2025 ta maye gurbin ta 2003, ta riƙe wannan wajabci, ta kuma ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni: biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga masu inshorar da ba ta rai ba.

Sai dai maganar gini ake yi, da mai gini ko wanda ke zaune a ciki. Tebur da laima a bakin titi ba gini ba ne. Ko a inda ginin yake, ƙasar da kuɗin inshorarta bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba, kowa ya san yadda ake bin wannan doka.

Jaje da gudummawa

Abin da ya maye gurbin inshora a Kano shi ne jaje. A ranar 26 ga Maris na 2016 gobara ta tashi a Kasuwar Sabon Gari, rahotanni a lokacin suka ce shaguna kusan 3,800 ne suka ƙone. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa kwamitin neman gudummawa ƙarƙashin Alhaji Aliko Dangote, wanda shi kansa ya ba da naira miliyan 500.

A ranar Juma'a 6 ga Yunin 2025, ranar Babbar Sallah, jama'a na hidimar layya, wuta ta kama a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, 'yar tafiya kaɗan daga Daurawa. Shaguna da dama suka ƙone da wayoyi da kayan gyara. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya je jaje ya yi alƙawarin gyara kasuwar, manyan 'yan siyasa suka bi da gudummawa.

Babu mai raina wannan, alheri ne. Amma gudummawa kyauta ce, mai bayarwa ke yanke nawa da yaushe. Kuma tana buƙatar adireshi. 'Yan Farm Centre da 'yan Sabon Gari suna da lambar shago, da ƙungiya, da shugabannin da za su rubuta sunaye su kai gidan gwamnati. Mai sana'ar kwana uku ba ya cikin kowane jeri. Idan rumfarsa ta ƙone ranar Hawan Nasarawa, washegari ma wurin ya koma titi.

Akwai ma asarar da ba wuta ke kawo ta ba. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma a Babbar Sallar 2024, da sallolin 2025 duka biyu, 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. Irin wannan sanarwa takan zo ne ana saura 'yan kwanaki. Mai ƙanƙara da mai lemo da mai kayan wasan yara da suka yi sari don taron Ƙofar Kudu, su suka san yadda suka yi da kayan. A wasu ƙasashe akwai inshorar soke taro, mai shirya biki ke saye. A nan ko sunanta ba a cika ji ba.

Batun addini

Ba za a yi maganar inshora a Kano a tsallake wannan ba. Ɗan kasuwa da yawa zai ce maka haramun ce, kuma ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari mai yawa, wato rashin tabbas a kan abin da aka saya, don haka ba ta halatta ba. Wannan rabin fatawar shi ya yaɗu.

Ɗaya rabin shi ne majalisar ta halatta inshorar taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Ita ake kira takaful. A Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979, Malesiya ta yi mata doka a 1984. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, daga baya wasu suka biyo, ciki har da Salam Takaful.

Yadda take aiki ba ya da nisa da abin da 'yan kasuwa suka sani. Kowa zai zuba wani abu a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda tsautsayi ya faɗa wa a cikinsu. Kamfani wakili ne, yana karɓar ladan kula da asusun, ba ya juya kuɗin a harkar riba. Idan shekara ta ƙare da rara, ana iya mayar wa waɗanda suka zuba. Malamai kan kafa hujja da tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure ke haɗuwa su biya diyya don kada nauyin ya karya mutum ɗaya.

Matar da ta yarda da adashi, da ɗan kasuwar da ke zuba kuɗin ƙungiya duk mako don jajen ɗan'uwa, sun riga sun yi rabin tafiya. Matsalar ita ce babu wakilin kamfani da zai bi teburi ɗaya-ɗaya a Gyadi-Gyadi don kuɗin da bai kai na man babur ɗinsa ba. Ko ƙa'idojin ƙaramar inshora da NAICOM ta sabunta a 2018 don masu ƙaramin ƙarfi ba su kawar da wannan lissafi ba.

Yadda wasu ke yi

A Birtaniya, mai son sayar da abinci sai ya yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ya fara. Rajistar kyauta ce. Jami'i zai zo ya duba, ya ba shi maki daga 0 zuwa 5. Inshorar biyan wanda aka cutar kuwa, doka ba ta wajabta wa mai rumfa ita ba. Masu shirya bukukuwa ne ke cewa ba za su ba ka wuri ba sai ka nuna ta, yawanci ta fam miliyan 5, tare da takardar shaidar cewa an duba kayan gas ɗinka. Mai taro ne ke tsare ƙofa, saboda ya san idan abu ya faru shi za a fara nema.

Indiya ta bi ta wata hanya. Dokarta ta 2014 ta masu sana'ar bakin titi ta ce a ƙirga su, a ba kowa takardar shaida da sunansa, a kafa kwamiti a kowane gari wanda aƙalla kashi 40 cikin 100 na mambobinsa masu sana'ar ne da kansu. Ba a tashin mai takarda daga wurinsa sai da sanarwar kwana 30. A can lasisi ya zama abin da mai tebur ke nema da kansa, tunda yana kare shi.

Misalin da alhazai suka fi sani shi ne Mina. A Afrilun 1997 gobara ta tashi daga tukunyar gas ta girki, iska ta kwashe ta cikin tantuna, fiye da mutum 300 suka rasu. Bayan nan Saudiyya ta kafa tantunan da wuta ba ta ci, ta hana shiga da tukunyar gas wuraren ibada a kwanakin Hajji. Ba su tsaya a kan wa zai biya ba, sun fara da hana wutar tashi.

A gida kuma, turmutsutsun da ya kashe yara 35 a wani bikin yara a Ibadan ranar 18 ga Disambar 2024 ya sa an fara tambayar masu shirya taro abin da da ba a tambayarsu: mutum nawa kuke tsammani, ƙofa nawa ce, wa ya ba ku izini?

Abin da zai iya yiwuwa a Tarauni

Kwafo tsarin Birtaniya kai tsaye zai kori talaka ne kawai daga wurin biki, ya buɗe wa masu takardun bogi kasuwa. An ga haka a inshorar mota, inda shekara da shekaru ake sayar wa direbobi takardar da babu kamfani a bayanta. Cewa mai awara ta kawo inshorarta ita kaɗai, wasa ne.

Abin da ya fi kama hankali shi ne inshorar taro guda, wadda mai fili zai saya a madadin kowa. A baje koli masu shirya kasuwar ne, a Gidan Zoo hukumar gidan ce, a bakin titi ƙaramar hukuma ce ko ƙungiyar masu sana'ar. A ɗauki misali kawai: rumfuna 500, kowace ta ƙara naira 2,000 a kan kuɗin wuri, an tara miliyan 1. Da wannan ana iya zama da kamfanin takaful a yi ciniki a kan kwana 14, abin da mai tebur ɗaya ba zai taɓa samu ba.

Amfanin da ba a cika lura da shi ba shi ne kamfanin da kuɗinsa ke cikin haɗari zai sa ido. Zai nemi jerin sunaye. Zai ce a raba masu wuta da masu atamfa, a fitar da janareto daga cikin tamfol, a ajiye abin kashe gobara a kowane layi, a bar hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta shiga. Aikin da tikiti ya daina yi sai ya dawo ta wannan ƙofa.

Haɗarin a bayyane yake: kuɗin ya zama wani sabon haraji, a karɓa a ba da rasit, babu kamfani babu inshora. Ƙa'idar harkar a Najeriya ita ce sai kuɗi ya shiga hannun kamfani inshora ke fara aiki. Idan mai taro ya tara kuɗin ya riƙe, da niyyar zai kai bayan an tashi, to duk kwanakin bikin babu wanda ke da kariya. Don haka tikitin da aka ce akwai inshora a cikinsa ya kamata ya ɗauki sunan mai rumfa, da sunan kamfani, da lambar yarjejeniyar, da lambar wayar da za a kira. Sunan kamfanin kuma a same shi a jerin waɗanda NAICOM ta ba lasisi.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun mai rumfa. Ya tambayi wanda ya karɓi kuɗinsa daga wace hukuma yake, ya ga tambarinta a rasit. Idan a cikin fili ne, ya tambaya a fili ko kuɗin wurin ya haɗa da gobara da sata, ko kuwa ƙasa kawai aka ba shi haya. Mai abinci ya je a yi masa gwajin lafiyar masu sayar da abinci, ya riƙe takardar. Mai lemo ta sayi kayan haɗi a wurin da za ta iya komawa ta nuna, ta guji ƙullin da ba suna. Rasit ɗin sarin kaya kuma a ɗauki hotonsa a waya tun a gida, domin babu kamfanin inshora ko kwamitin gudummawa da zai biya ba tare da shaidar abin da ke cikin rumfar ba, kuma takardar da aka cusa a ƙarƙashin tebur tare da kayan take ƙonewa.